Gurbin Uwa a Fom ɗin Nafisa

Ku yaran yanzu kuna cewa fom ɗin neman tallafin karatu aikin minti ashirin ne a waya, kuma ba ƙarya kuka yi ba. Minti ashirin ɗin ne. Gyaran abin da kuke ɓatawa a cikin minti ashirin ɗin nan shi ne sana'ar da ta ciyar da ni shekara ashirin da wani abu a garin nan na Greensboro, har na yi furfura, har na canza tabarau sau uku. Don haka idan kun hango Anti Lariba a bayan shagon Hajiya Memuna, tsakanin buhunan garin rogo da firjin kifi, ta tasa kwamfuta a gaba tana ɓata rai, kada ku ɗauka fim take kallo.

Ban shiga aikin nan ta ƙofar gaba ba. Da na zo daga Kumasi, shara nake yi da sassafe a wata kwaleji, kuma ofishin tallafin ɗalibai yana cikin rabona. Wata safiya na tarar fayil-fayil sun zubo daga kan kabad, an bar su warwatse a ƙasa. Ni dai don in samu hanyar goge ƙasan na tattara su, na jera su bisa haruffan suna, tunda haka aka koya mana a makaranta. Shugabar ofishin, Mis Loreta, wata dattijuwar baƙar Ba'amurkiya mai ɗan ƙaramin jiki da murya irin ta hedimasta, ta zo tana tambayar wanda ya taɓa mata takardu. Na ce a raina shi ke nan, aiki ya tafi. Ashe wani aikin ne ya zo.

Shekara uku na yi ina jera fayil kafin ta bari na buɗe baki a gaban ɗalibi. Kayan aikinta ba su da yawa: jan biro, rula ta katako, kwalin tishu, da kwalbar alewa. Alewar ta ƙannen ɗalibai ce da ake zuwa da su. Tishun kuma, in ji ta, na iyaye maza ne, don su ke fara zufa idan aka zo maganar abin da suke samu a shekara. Rular ita ce babba. Sai ta ɗora ta a ƙarƙashin tambaya, ta rufe duk abin da ke ƙasa, ta sa ni in karanta layi ɗayan nan da ƙarfi. Idan na yi saurin amsa sai ta ƙwanƙwasa tebur, ta ce in amsa abin da aka tambaya, in ajiye abin da na sani. Da aka koma kwamfuta ma ba ta yar da rular ba, a jikin gilashin take dafe ta. Ranar da ta yi ritaya ta ba ni ita, tana nan a durowata har yau, lambobinta duk sun goge.

Ga gindin sana'ar, ga mai son sani. Kafin gwamnati ta ba ɗalibi tallafi sai ta san aljihun wa za ta leƙa. Idan tana ganinka a ƙarƙashin iyayenka, abin da kuke kira difenden, to sai iyayen sun zo sun buɗe nasu. Idan kuwa ta yarda kai mai zaman kanka ne, indifenden, naka kawai za ta duba, da na matarka in akwai, kuma aljihun ɗalibi kowa ya san iska ce a ciki. Shi ya sa kowa ke son shiga layi na biyu. Amma ba a shigarsa da daɗin baki. Sai ka kai shekara ashirin da huɗu, ko kana da aure, ko kana da ɗan da kai ke ɗauke da fiye da rabin nauyinsa, ko ka yi soja, ko karatun naka na gaba da digiri na farko ne. Akwai kuma ƙofofin da ba a yi wa kowa fatan bi ta cikinsu: iyaye duka biyu sun rasu, ko kotu ta damƙa ka a hannun wani, ko ba ka da wurin kwana. Ban da irin waɗannan, ko kai ke ciyar da unguwarku, yaro ne kai a idon fom.

Da ni ma na yi ritaya, Hajiya Memuna, ƙawata tun muna 'yan mata a zongon Kumasi, ta ba ni kusurwa a shagonta da ke Gate City Boulevard. Fom ɗin kyauta ne, ni ma ba na karɓar ko sisi a kansa. Ana biyana da addu'a, Hajiya kuma tana aiko mini da shinkafa da wake da shito, soyayyen yajin nan namu, kullum da rana. Ina da kwamfuta, ina da na'urar buga takarda wadda ke yin yaji duk lokacin da firjin kifi ya tashi, ina kuma da haƙurin jiran dattijo ya tuna kalmar sirrin da ya rantse ba zai taɓa mantawa ba. Wani Alhaji sai da muka gwada sunayen 'ya'yansa bakwai da na mahaifiyarsa, ashe sunan ƙungiyar ƙwallonsa ya sa.

Wani saurayi mai suna Faruku ya taɓa zuwar mini, shekararsa ashirin da ɗaya, gemu har ƙirji, yana kaɗa makullin mota a yatsa. Ya ce rabonsa da kwana a gidan babansa shekara biyu, shi ke riƙe da ɗakinsa da motarsa da cikinsa, don haka in rubuta shi mai zaman kansa. Na ɗora rula, muka bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, babu inda aka tambayi tsawon gemu. Da muka zo kan tambayar aure sai na ga idonsa ya yi haske. Dama yana da wadda zai aura bayan babbar Sallah. Ya ce in dakata kada in tura, ya je ya tayar wa dangi biyu hankali aka matso da rana. Bayan mako uku ya dawo da ƙullin goro da dabino, da hotuna a waya.

Na ci dabinon, na yi masa addu'a, sannan na tambaye shi takardar rajistar aure.

“Anti, liman ne fa ya ɗaura. Mutane sun zo paa, gida ya cika, an yi siga, an ba da sadaki.”

“Allah ya ba da zaman lafiya. Amma gwamnati ba ta ci goron ba.”

Sai da ya ɗauki amarya suka je ofishin gunduma, aka yi musu irin nasu ɗaurin, da shaidu biyu, babu ko ruwan sanyi. Yanzu yaransu uku, kuma duk inda matar ta gan ni sai ta ce ni na hana telanta ƙarasa ɗinkin biki.

Iyaye ma da nasu. Malam Isufu, mutumin Damagaram, mai aiki a masana'antar katifa, ya rantse ba zai sa hannu a fom ɗin 'yarsa ba. Ya ce shi ba ya son wani dosiye da sunansa a buro ɗin gwamnati, wato fayil a ofishinsu, yarinya ta girma, a rubuta ita ke riƙe da kanta. Na yi masa bayani cewa ƙin uba ba ya mayar da ɗa mai zaman kansa, sai dai ya bar shi a tsakiyar hanya, kuma sa hannun ba alkawarin biya ba ne. Ya ji, ya gyaɗa kai, ya ƙi. Sau uku yana zuwa yana ƙi, cikin ladabi. A zuwa na huɗu na lura duk lokacin da na ambaci takardar haraji sai ya saci kallon matarsa. Na ce wa matar Hajiya ta kawo sababbin atamfofi a gaban shago, ta je ta gani kafin a kwashe. Kafin ta zaɓi turmi ɗaya mun gama. Ashe ba gwamnati yake tsoron ta san albashinsa ba.

To, shekarar da ta fi kowace muni a sana'ata, babu ruwan kwamfuta, babu ruwan gwamnati. Ni ce na yi ɓarnar da hannuna, a kan yarinyar da na fi sani a duk garin nan.

Nafisa 'yar Hajiya Memuna ce, haka kowa ya sani, haka kowa ke faɗa. Amma ba Hajiya ce ta haife ta ba. Allah bai ba Hajiya haihuwa ba, sai ƙaninta Mustafa ya yi mata alkawarin 'yarsa ta fari. Ranar da aka yaye Nafisa ni ce na ɗauki jakar kayanta daga ɗakin mahaifiyarta Salamatu na kai motar Hajiya. An yi addu'a, an raba goro, an ci tuwo. Babu wanda ya yi zancen kotu, da wani ya yi ma da an yi masa kallon mara tarbiyya. Riƙo ne, irin wanda aka yi wa rabinmu a gida. Ni kaina a hannun goggona na tashi.

Mustafa ya rasu Nafisa tana da shekara tara. Salamatu ta zauna da ƙananan yara uku, tana aikin kula da tsofaffi a manyan gidajen unguwar Irving Park. Tsakanin gidanta da na Hajiya tafiyar minti takwas ce a mota. Amma Salamatu irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta faɗin sunan Nafisa, sai dai ta ce 'yar Hajiya. Ba ta zama kusa da ita a taro, ba ta yabonta, in ana yabonta sai ta tashi ta je duba tukunya. Ranar da Nafisa ta gama sakandare Hajiya ce a gaba tana guɗa, Salamatu tana layin ƙarshe kusa da ƙofa. A zongo wannan ba abin kallo ba ne, sai ma a ce matar tana da kara. Ita kuma Nafisa tana kiran Hajiya Mma, tana kiran wadda ta haife ta Anti Salamatu.

Ranar cike fom ɗinta ina tunawa da ita sarai, don ranar aka kawo busasshen kifi, shagon duk ya ɗauka. Nafisa ta samu gurbi a sashen koyon aikin jinya na wata kwaleji, wurin da sai an yi layi ake samu. Ta zauna a damana, Hajiya a haguna da jakar takardu a cinya, tana ba masu ciniki amsa daga nesa. Muka wuce tambayoyin aure da soja muna dariya. Fom ya ce yarinya tana ƙarƙashin iyaye, a kawo uwa ko uba. Na rubuta Memuna, yatsana ko jinkiri bai yi ba. Ni da na yi shekara da shekaru ina gaya wa 'ya'yan Amurkawa da suka tashi a hannun kakanni cewa kaka ba uwa ba ce a wannan takarda, goggo ma haka, sai wadda ta haifa ko wadda kotu ta mayar uwa. Rular tana cikin durowa, ban ga dalilin fito da ita a kan 'yar gida ba.

Sai a watan Agusta wasiƙa ta zo. Kwalejin ta zaɓi fayil ɗin Nafisa don tantancewa, abin da ake yi wa ɗalibai da yawa, ta nemi kwafin takardar harajin Hajiya. A jikin takardar, gaban sunan Nafisa, mai cike wa Hajiya haraji ya daɗe yana rubuta gaskiya: 'yar ɗan'uwa. Fom ya ce uwa, haraji ya ce goggo. Aka dakatar da tallafin gaba ɗaya, aka ba mu kwana goma sha biyu. Idan ba a warware ba za a cire ta daga azuzuwan, a ba na bayanta a layi kujerar, ita kuma ta jira wata shekarar ta sake nema.

Na sami Hajiya tana auna gari a leda. Na fara tambayarta ko an taɓa yin wata takardar kotu da ta naɗa ta mai kula da yarinyar, don da akwai da Nafisa ta zama mai zaman kanta, an huta. Babu. Yarinya kuma ta riga ta cika sha takwas, wannan ƙofar ta rufe. Na ce wa Hajiya to dole a cire sunanta daga gurbin uwa a sa na Salamatu. Ta ajiye kwanon awon a hankali. Ta tambaye ni ko kwamfutar ce ta goya yarinyar lokacin da ta yi ƙarambau, ko gwamnati ce ta koya mata alwala. Ta ce shekara goma sha shida tana uwa, yau ƙawarta ta sa tabarau ta sauke ta. Na ce laifina ne. Ta ce ta sani, ai ba ta ce na wani ba ne. Kwana uku ba a aiko mini da abincin rana ba, aka kuma jera kwalayen tumatirin gwangwani a gefen teburina har ba na hango ƙofa.

A rana ta huɗu Nafisa ta zo ita kaɗai, da wata takarda da ta bugo daga shafin kwalejin. Na san takardar, na sha karɓar irinta. Ita ce ta roƙon a ɗauki ɗalibi a matsayin mai zaman kansa saboda wani hali na musamman: iyaye suna kurkuku, ko ana tsoron su cutar da shi, ko sun yi watsi da shi. Ana haɗa ta da wasiƙar wani babba da ya san lamarin. Ta ce ni ce babban. Da Turanci ta yi yawancin maganar, kamar yadda kuke yi idan abu ya kai muku wuya, amma ƙarshen da Hausa ta faɗa.

“Anti, gaskiya kawai za ki rubuta. Ta ba da ni ina shekara biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. A ƙasar nan abin yana da suna, ga shi nan a layi na uku.”

Ba zan ɓoye muku ba, raina ya biya da takardar nan. Da ta rufa mini asiri, da Hajiya ba ta ga an sa sunan wata a gurbinta ba, kuma na san yadda ake tsara irin wasiƙar har ta shiga. Na fara yi mata bayanin kunya da kara, ta katse ni, ta ce ta haddace wannan karatun, duk abin da ya yi ciwo sai mu ce al'ada ce. Tausayinta ya kama ni, na kuma ji kunyar kaina, don duk shekarun nan yarinyar tana girma a gabana ban taɓa tunanin abin yana cin ta ba. Na dai ce mata ba zan sa hannu a kan cewa Salamatu ta yar da ita ba, don ina wurin, ba haka aka yi ba. Na roƙe ta ta ba ni kwana biyu. Ta bar takardar a kan teburina ta fita ba sallama.

Washegari da tsakar rana na bi Salamatu har Irving Park. Na same ta a cikin motarta a ƙarƙashin wata babbar bishiya, tana cin abinci daga kula kafin tsohuwar da take jinya ta farka. Na yi mata bayanin fom, ban ambaci takardar da Nafisa ta kawo ba. Ta saurara har na gama, ta ce in dai don karatun ne, ko jininta ake so a ɗiba. Amma ta rubuta a takarda cewa ita ce uwa alhali Hajiya tana raye, wannan ba za ta iya ba.

“Ba ni da baki a kan 'yar Hajiya, Anti Lariba. Sai abin da Hajiya ta ce.”

Saura mako guda. Na dawo shago, na ture kwalayen tumatir, na ajiye takardar Nafisa a gaban Hajiya, na fassara mata layi na uku. Na yi zaton faɗa za ta yi. Sai ta zauna a kan buhun shinkafa, abin da take hana kowa. Sannan ta gaya mini abin da ni ma ban sani ba. Ta ce bayan an kawo mata yarinyar, wata biyu cur Salamatu tana zuwa kowace safiya kafin ta wuce aiki, ta tsaya a mota a ƙofar gida, ba ta shiga, sai Hajiya ta ɗaga labule ta nuna mata yarinyar ta taga, sannan ta tafi. Ta ce duk kayan Sallar da Nafisa ta taɓa sawa Salamatu ce ta saya, ta ce kada a faɗa.

“Ni na roƙa aka ba ni, Lariba. Matar nan ba ta yar da kowa ba koraa, ko kaɗan. Ni na karɓi godiyar shekara goma sha shida, ita kuma a ba ta wannan?”

Ta buga layin da yatsa. Ta ɗauki waya ta kira Salamatu, ta ce mata ranar Lahadi bayan azahar ta zo shago da takardun harajinta, kuma ba shawara take ba ta ba.

Ranar Lahadi aka rufe shago da wuri. Muka gyara fom, aka cire Memuna aka sa Salamatu, ta cike nata ɓangaren tana amsa mini ƙasa-ƙasa. Nafisa tana tsaye jikin firji, ta harɗe hannu a ƙirji, ta ƙi zama. Hajiya ta jawo kujera kusa ta sa ido, kowace tambaya sai ta ce a fassara mata, wai kada a sake sauke wani ba da saninsa ba.

Saura wasiƙar da kwalejin ta nema, wadda uwa za ta bayyana da kanta cewa ita ta haifi ɗalibar, da dalilin da ya sa aka rubuta wata da farko. Na riga na buga ta, na bar gurbi uku: lambar ɗalibar ta gwamnati, sunanta, da sa hannun uwa. Na tambayi lambar. Nafisa ta ce tana cikin wayarta, wayar kuma ba caji. Hajiya ta juye jakarta a kan tebur, ga carbi, ga man zafi, ga makullai, babu katin lambar. Ana cikin haka Salamatu, idonta a ƙasa, ta faɗi lambobin nan tara a jere, ba ta tsaya ba. Da katin ya fito daga ƙarshe a wani lungu na jakar, na gwada, babu kuskure ko ɗaya. Hajiya ta tambaye ta yaushe ta haddace. Ta ce tun ranar da katin ya zo a wasiƙa, yarinyar tana da 'yan makonni. Ta ce takan maimaita ne kawai idan tana tuƙi, ko za a buƙata wata rana.

Nafisa ta sauke hannuwanta.

Sai gurbin suna. Ni ma zan iya rubutawa, babu dokar da ta hana. Amma na miƙa wa Salamatu biron. Ta kalli Hajiya.

“Rubuta mana, Salamatu,” in ji Hajiya. “Takarda taki ce. Yarinya kuma ba inda za ta, sai ta wanke mini kwanukan jiya.”

Salamatu ta yi 'yar dariya, ta goge tafin hannunta a zani. Ta rubuta a hankali, harafi-harafi, manya-manya, irin rubutun wadda ta bar makaranta da wuri, tana danna biron har ya fito ta bayan takardar. Nafisatu Mustafa. Ba ta furta ba, leɓenta dai yana motsi tare da biron. Ta sa hannu, ta tura takardar gaban Hajiya, ta ce a gaya wa 'yar Hajiya ta riƙa cin abinci idan an fara karatu, aikin asibiti tsayuwa ne. Sannan ta miƙe, ta ce ta bar yara su kaɗai, ta fita da sauri har ta manta da takardun harajinta.

Na sa wasiƙar a na'ura, na ɗauki hotonta, na tura wa kwalejin. Kwana huɗu bayan nan aka saki tallafin, kujerar Nafisa ba ta tafi ba. Amma a ranar ba mu san haka ba tukuna. Ina ƙoƙarin sa takardar a fayil kamar yadda nake yi da ta kowa, sai Nafisa ta dafa ta.

“Anti, su ai hoton ya ishe su, ko?”

Na ce ya ishe su.

“To wannan fa, ta wace ce?”

Na kalli Hajiya. Hajiya ta juya tana mayar da tarkacenta cikin jaka kamar ba ta ji ba. Na sakar wa yarinyar takardar. Ta so ta ninke ta, ta ga ninkin zai bi ta kan sunan, ta fasa. Ta tattara takardun harajin da aka manta, ta ce bari ta kai wa Anti Salamatu kafin ta tada mota, ta fita da gudu riƙe da duka biyun.